Kan Burtu a Bayan Abhur

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da su. Wannan ba irin wadda ake yi wa yara don barci ya ɗauke su ba ce. Da ƙafata na taka ta, kuma har yau in sanyi ya sauka gwiwoyina suna tuna mini.

A lokacin muna zaune kudu da Balad, tsohon garin Jidda, a unguwar da mutanenmu suka kafa da katakon akwati da gwangwanin da aka buɗe aka shimfiɗa. Daga Sudan muka ƙetaro, ni da mai gidana da uwarsa, wadda dukkanmu muke kira Inna. Can a bakin kogi mai gida maharbi ne, ubansa maharbi, kakansa maharbi. Da muka iso Jidda sai ya zama mai ruwa. Sanda a kafaɗa, garwa gaba garwa baya, abin da suke kira zaffa, yana hawa benayen Balad tun asuba har rana ta yi tsaka. Kafaɗarsa ta yi kanta kamar wuyan takarkari.

Abu uku ya ƙetaro da su teku waɗanda bai yarda a taɓa ba. Kwari, da baka, da kan burtu.

Ku da aka haifa a nan ba ku san burtu ba. Tsuntsu ne babba, baƙi, mai dogon baki da jan maƙogwaro, ba ya son tashi sama, a ƙasa yake yawo yana tsintar ƙwari cikin ciyawa. Namun daji sun saba da shi, ba sa gudunsa. Shi ya sa maharbanmu ke ɗaukar kansa su busar, su dasa shi a kan lanƙwasasshen itace, su ɗaura a goshi da tsinkiyar fata. Mutum ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa, ya yi ta rarrafe yana kaɗa kai kamar mai kiwo, har ya shiga tsakiyar bareyi ba su sani ba. Baka ba bindiga ba ne, sai an matso. Kan da ke gidanmu na uban mai gida ne, ya ci nama da shi ba iyaka.

Duk shekara in ruwan sama na lokacin sanyi ya zuba, ciyawa ta tsiro a barr, wato jejin da ke bayan gari, mai gida yakan ajiye zaffa yini ɗaya ya fita. Sanyi uku ya yi yana fita, sanyi uku yana dawowa da kwarinsa a cike. Yau ya ce iska ce ta juya. Gobe ya ce motoci ne. Gaskiya ne kuma akwai motoci. Ƙasar ta hukuma ce, ba shinge, ba mai cewa nan gonata ce, kuma abin da ba na kowa ba, kowa ke yi masa yadda ya so. Masu hali sukan fita da mota da bindiga, su kora barewa a fili har ƙafarta ta gaza.

A sanyi na huɗu Inna ta kwanta. Ba ciwo ne mai ihu ba, cin abinci ne kawai ta bari. Na dama kunu, ta juya kai. Na yi tuwon dawa da miyar kukar da alhazai suka kawo mana, ta taɓa ta ture. Kullum in na ɗaga ta sai in ji ta fi jiya sauƙi a hannu. Wata rana da hantsi ta kira ɗanta. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce kai.

"Kai, romon barewa nake so. Irin na ubanka."

Ya ce, "To, Inna. Za ki sha."

Ni kuwa na san sanyi ya kusa ƙarewa.

Muna da maƙwabci direba, haifaffen Jidda, rabin maganarsa Larabci. Yana tuƙa wa wani attajiri tankin ruwa zuwa gidan hutunsa da ke Abhur, can bakin teku. Da labari ya kai masa, sai ga shi da cinyar barewa a naɗe cikin buhu, daga farautar uban gidansa. Na dafa ta da kyau, na kai. Inna ta sunsuna ƙwaryar, ta mayar mini.

"An kore ta," ta ce. "Wannan da tsoro ta mutu, jini ya shige cikin naman. Ɗaci gare shi. Ba wa yara."

Direban yana bakin ƙofa yana ji. Ya ce, "Ya salam! Hajja, barewa ma sai an tambaye ta yadda take son mutuwa?"

"In kai ne ba za ka so a tambaye ka ba?" in ji ta, ta juya ta fuskanci bango.

Ranar nan da yamma mai gida ya same ni ina wanke tukunya a bayan ɗaki.

"Ke, kin ga tutar masallacin can?"

Na ce ina gani.

"Ni fari kawai nake gani. Yanar ido ce ta fara hawa. Na kusa ina gani, na nesa ya zama hayaƙi. Ban gaya wa kowa ba."

Na ci gaba da goge tukunyar don kada ya ga fuskata.

"Za ki bi ni. In an tambaya, itace za ki yi. Ke za ki hango mini, ni zan matsa."

Mace ba ta bin maharbi daji, wannan kowa ya sani a wurinmu. Amma itacen ƙaya kuwa mata na fita nema, ba mai tambaya. Na bar yara wurin matar direban, na ɗauki igiya da gatari da salkar ruwa.

Direban ke sauke mu bayan Abhur, inda kwalta ta ƙare, ya ɗauke mu in zai komo. Hanya duk yana zolaya. "Ya ammi, baffana, barewar Jidda ba ta san rarrafe ba, taya ta sani. Yalla, in ta ga tsuntsunka ka ce ina gaishe ta." Mai gida na riƙe da kan burtun cikin tsumma a kan cinyarsa.

Fita ta fari, ba mu ga komai ba sai sawun taya, ya ratsa ko'ina kamar an yi wa ƙasa tsaga. Ciyawa ta riga ta fara ja. Fita ta biyu, na hango bareyi guda uku can gindin wani tudu. Na nuna masa da hannunsa a cikin nawa, na ce ga su can, daidai baƙin dutsen. Ya duba iska da ɓarɓashin ƙasa, ya ɗaura kai, ya lulluɓa, ya durƙusa. Wallahi in kun gan shi ba za ku ce mutum ba ne. Ya taka, ya tsaya, ya sunkuya kamar ya ga fara, ya ɗaga. Bai kai ko rabin tazarar ba, babbar ta ɗaga kai, ta yi wani huci, suka watse kamar an watsa tsakuwa. Shi bai gani ba. Ya ci gaba da rarrafe a kan duwatsu masu zafi, yana kaɗa kai, yana nufar wurin da ba kowa. Na tsaya ina kallo, na rasa ta yadda zan kira shi. Sai da ya isa baƙin dutsen ya miƙe.

Muna dawowa ya ce ko ni ce na motsa. Na ce ban motsa ba. Ya ce ko zanena ne suka gani. Gwiwarsa tana zubar da jini, tawa zuciyar ma ba daɗi, muka ɗora itace muka tafi bakin hanya.

A gida Inna ta koma ruwa kawai take sha, shi ma da cokali. Zafi kuma ya fara shigowa, irin na Jidda mai ɗanɗanon gishiri, wanda riga ke manne wa mutum tun safe. Direban ya ce Badawai, makiyayan jeji, sun fara kwashe tantunansu, bareyin da suka rage suna hawa duwatsu, nan da mako ko sawunsu ba za a gani ba. Fita ta uku dai ita ce ta ƙarshe, ba wanda ya faɗa amma duk mun sani.

Muka yi tafiya mai nisa a ranar, har teku ta ɓace a bayanmu. Da hantsi na hango biyu a bakin wani kwari da ya rage ɗan kore. Ya ɗaura, ya durƙusa, ya fara. Bai yi nisa ba sai ga kare ya ɓullo daga bayan tudu yana haushi kamar zai tsage, bayansa awaki, bayan awaki wata tsohuwar Badawiya da baƙin mayafi. Tana ganin abin da ke rarrafe ta ƙwala a'uziyya, ta sunkuya ta ɗebi duwatsu. Na farko ya wuce, na biyu ya same shi a haƙarƙari. Na sheƙa da gudu ina ihu da Larabcin kasuwa, mutum ne, ya hajja, mutum ne, mijina ne!

Bareyi kam sun daɗe da tafiya.

Da ya yaye zanen ta ga gemu da goshin salla, sai ta zauna a ƙasa tana haki. Ta kori karen. Ta daɗe tana kallon abin da ke ɗaure a goshinsa.

"Ya Takruni, mene ne wannan?" Haka suke kiran mutanenmu.

Ya ce tsuntsu ne.

"Wane tsuntsu?"

Ya ce burtu. Ta gwada faɗi, ya ƙi bakinta. Ya kwatanta mata girmansa da hannu, da yadda yake tafiya, da yadda barewa ke kiwo a gefensa ba ta damu ba.

Ta girgiza kai. "A barr ɗin nan aka haife ni, a nan haƙorana suka zube. Na san hankaka, na san shaho, na san tsuntsun da masu shaho ke farauta. Wannan ban taɓa gani ba, uwata ma ba ta ba ni labarinsa ba. Ni da nake da hankali na ɗauka aljani ne, ina ga gazal?" Barewa take nufi.

Na juya masa maganar da Hausa ko da yake ya ji. Na ce, "Mai gida, ta ce babu burtu a ƙasar nan."

Ya kwance tsinkiyar a hankali. Ya ɗora kan a kan gwiwarsa, yana shafa bakin da babban yatsa. Iska na kaɗawa, awaki na cin ƙaya. Ni ma a ranar na fara tunawa, tun da muka sauka daga jirgin ruwa ban ji wannan gunjin na burtu da asuba ba, kuma ban taɓa lura ba. Mutum yana lura da abin da ya gani, ba ya lura da abin da babu.

"Shekara huɗu," ya ce. "Shekara huɗu ina ba su tsoro da hannuna."

Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Badawiyar ta tambaye ni me ya sa dattijo irin wannan ke jan ciki a rana. Na gaya mata, uwarsa ce kwance, romo ta nema. Ta ce uwarsa na da rai, da wannan furfurar tasa? Na ce tana da shi, saura kaɗan. Ta tofar da yawu gefe, ta dubi rana.

"Gazal ba ta san tsuntsunku ba, amma ta san awakina. Bayan azahar nake gangarawa da su ƙasan kwarin, can ne kaɗai ciyawa ta rage. Su ma nan suke zuwa. Ba sa gudun mace da garke. In zai iya zama akuya, ya zo."

Mai gida ya dube ni. Ɗan maharbi, jikan maharbi. Na kau da kai.

Muka zauna a inuwar wata ƙaya da ba ta kai tabarma faɗi ba, mu uku da kare. Ta ba mu nono a ƙwaryar itace, muka ba ta dabino. Muka yi salla da taimama. Da rana ta ɗan karkata ta tashi garken. Ta sa ya shafa kashin awaki a hannu da ƙafa, ya lulluɓa da baƙin zanensa, ya shiga tsakiya a kan gwiwa da tafi, baka a rataye ƙarƙashin ciki. Kan burtun kuwa ni na saka shi cikin ƙullin itacena. Na ja mayafina na rufe fuska kamar ita, muka jera a bayan garke.

Tafiyar akuya ba ta da sauri, amma ga mai rarrafe a kan tsakuwa doguwa ce. Ina ganin inda gwiwarsa ta taɓa, ja-ja a kan dutse. Wani bunsuru ya yi ta sunsunar sa, har ya kai masa karo, bai motsa ba.

Bareyin suna nan. Huɗu, a gefen koren. Suka ɗaga kai suka dube mu, suka ci gaba da kiwo. Na fara magana ƙasa-ƙasa kamar ina yi wa awaki.

"Dama. Dama kaɗan. Tsaya. Tana kallo. To, tafi. Ta gefen nan namiji ne, shi ya fi kusa."

Muka matsa, muka matsa, har ina ganin baƙin layin da ke gefen cikinsa. Sai na ji muryar mai gida daga cikin awaki, siririya.

"Na gan shi."

Ya yi bisimilla, ya tashi a kan gwiwa ɗaya. Tsirkiya ta yi ƙara. Awaki suka watse, bareyi suka watse, na ga namijin ya yi tsalle da kibiya a cinya, ya bi sauran yana ɗingishi.

A da, in ji mai gida, dafin kibiyarsa ba ya barin dabba ta wuce jifa biyu. Amma dafin nan tun Sudan aka dafa shi, ya tsufa a cikin kwari. Zai kashe, sai dai a hankali. Kuma abin da dafi ya kashe ba a yanka ba, mushe ne, ba mai kai wa uwarsa mushe. Dole mu same shi da ransa.

Ba mu ko yi sallama da Badawiyar yadda ya kamata ba, tana can tana tattara awakinta tana zagin karen. Muka bi jini. Shi ba ya ganin ɗigon, ni ban san sawu ba. In na ce ga jini nan, sai ya tsuguna ya shafa ƙasa da tafin hannu, ya ce ya ja ƙafa nan, ya nufi can. In jini ya ɓace mu zaga, mu zaga, har in tsinto ɗigo kamar ƙwayar gero a kan dutse. Ruwan salka ya ƙare. Harshena ya yi kauri. Takalmina ɗaya ya tsinke na ɗaure da bakin zane. Sau biyu na hango shi a tsaye, muna matsowa ya ƙara gaba. Rana ta yi ja, inuwarmu ta yi tsawo, na fara cewa a raina mun kashe rai a banza.

A gindin wata ƙaya muka same shi kwance, wuya a miƙe. Na ce ya mutu. Mai gida ya durƙusa ya taɓa idon, idon ya ƙifta.

"Riƙe ƙafafun. Maza."

Na riƙe. Ya juya shi alƙibla, ya yanka, jini ya fito da ƙarfi, ƙafar ta harba a hannuna. Sai a nan ya zauna daɓas. Ba murna a fuskarsa, ba komai. Ya yanke naman da ke kewaye da bakin kibiya ya binne, ya farke ciki ya zubar don sauƙin ɗauka, ya saɓa a kafaɗar nan ta zaffa. Ɗan ƙarami ne, ƙashi ya fi nama, ƙarshen ciyawa ne.

Tun daga nesa muke jin hon ɗin mota. Direban ya jira mu har rana ta faɗa teku, duhu ya shiga, yana ta masifa. "Halas, na ce kura ta cinye ku, ina shirya abin da zan gaya wa Hajja!" Da ya ga abin da ke kafaɗa sai ya buɗe ƙofa. Can muna tafiya ya ce, "Ashe tsuntsun na aiki, ya ammi." Mai gida ya rufe ido kamar mai barci.

Washegari da sassafe na ɗora tukunya. Ƙashin baya da haƙarƙari, daddawa kaɗan, citta, gishiri, ba mai. Na bar shi a kan gawayi har nama ya saki ƙashi. Na tace, na kai, na tallafo ta a ƙirjina. Mai gida na zaune a bakin ƙofa, gwiwoyinsa a naɗe da tsumma.

Ta sunsuna. Ta buɗe baki. Ludayi ɗaya, na biyu, na uku. Ta tsaya tana numfashi.

"Wannan ba a kore ta ba," ta ce. "Amma ramammiya ce. Kai, da kan ubanka ka same ta?"

Na ɗauka zai ce e. Wa zai ƙaryata shi? Sai ya sunkuyar da kai ya gaya mata duka, da jifan, da maganar Badawiya, da kashin awaki, da bunsurun. Ina jin ƙirjinta na rawa a jikina, na tsorata, na ɗauka tari ne. Ashe dariya take, marar sauti, hawaye na bin kuncinta.

"Babu burtu," ta ce. "Oh ni. Mu ma muna nan muna jira a gida, ba wanda ya tuna. Ƙaro mini kaɗan, 'yar nan."

Ta sha rabin ƙwarya a ranar. Washegari ta sha, jibi ta karɓi kunu. Ba ta tashi ba, kada in yi muku ƙarya, amma ta ci abinci da bakinta har zafi ya wuce, tana kiran ɗanta bunsuru in ya shigo gaisuwa. Farkon sanyi na gaba ta rasu, da rana tsaka, aka kai ta maƙabartar da ke gefen Balad.

Mai gida bai sake fita barr ba. Yanar nan ta rufe masa ido sannu a hankali, famfo kuma ya shiga gidaje, aka daina neman masu zaffa. Ya yi gadin ƙofar wani sito shekaru, yana gane mutane da takunsu, har Allah Ya karɓi abinsa. Direban ya sayi motar haya tasa, ya tara iyali, ya koma unguwar Waziriyya, ya tsufa yana zolayar mutane. Badawiyar ban ƙara ganin ta ba. Na tura mata cinya ɗaya ta hannun direban, ya dawo da ita ya ce sun tashi, sai gurbin murhu. Wurin da muka bi jini kuwa, an ce mini yanzu gidaje ne da katanga, kowanne da mai shi.

Ni ce na rage. Na aurar da yara, na yi jikoki, na ga 'ya'yansu. Matakalar gidan nan ta fi ƙarfina, sai an riƙe ni. Nan maganar ta tsaya, ku karɓi kunnuwanku, wani ya miƙo mini ruwa.